Sawun Takalmin Zayyanu

Ranar Talata da la'asar aka nemi oba-obar sojoji, rediyon da suke magana da juna da ita, aka rasa a shingen Tungar Bawa. Wata motar kaya, kanta, ce ta taso daga wajen Goronyo shaƙe da buhunan albasa, ta kafe a rairayi daf da shingen. Sojoji huɗun da ke bakin aiki da mutanen gari duk suka taru suna turi. Kofur Mujahid, wanda rediyon ke hannunsa, ya aza ta kan buhunan yashin da suke fakewa a bayansu, ya je ya sa kafaɗa. Da motar ta fita ya dawo yana share gumi, sai ya tarar da wuri wayam.

Tungar Bawa ƙauye ne a ƙasar Rabah, gaba da Tursa kaɗan. Shekara biyu ke nan da aka kafa sansanin soja a tudun da ke gabas da shi, tun lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar. Gari ya saba da sojojin. Ana sayar musu da abinci, ana yi musu aski, wasunsu har suna ake gayyatarsu. Amma idan rediyon nan ta faɗa hannun mutanen daji, duk motsin da soja zai yi tsakanin Rabah da Goronyo a kunnensu zai yi shi. Don haka Laftanar Almustapha, shugaban sansanin, ya rufe shingen. Ba shiga ba fita, har hanyar fadama, sai an fito da ita. Ga shi saura mako uku a cire albasa, kuma a zafin nan kwana uku ba ruwa ya isa ya kwantar da ita.

Kafin magariba kowa a garin yana da wanda yake zargi. Maigari ya ga abin zai kai ga duka, sai ya roƙi Laftanar a ɗauko Mainasara mai bin sawu daga Wurno.

*

Mainasara ya haura sittin. Bayan raƙuman mahaifinsa ya koyi karatun ƙasa, daga baya ya shekara talatin yana gano shanu da jakunan da aka sace. Yanzu igiya yake tufkawa a bakin kasuwar Wurno. Ya daina bin sawun mutum tun ranar da ya nuna wani ɓarawon tumaki, aka rufe mutumin da duka a gabansa har ya rasa ido ɗaya. Da motar sojoji ta sauke shi a shingen da hantsin Laraba, kafin ya ko sha ruwa ya dubi Laftanar.

"Yallaɓai, ina da sharaɗi guda. Wanda dut nin nuna, ba mai aza mai hannu."

"Baba, kayan gwamnati ne aka ɗauka. Akwai doka."

"Doka ban hana ta ba. Sanda nika hanawa."

Laftanar ya ce ya amince. Kofur Mujahid na tsaye gefe, an karɓe bindigarsa, idanunsa sun yi ja. Mainasara ya tambaye shi inda ya aza rediyon, ya nuna masa da hannu.

Gaban shingen ba abin karantawa, ƙafafun masu turin mota sun tattake ko'ina. Mainasara ya zagaya baya, inda wata siririyar hanya ta taso daga fadama ta bi ta tsakiyar gonar gero da aka girbe. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo. Sawu biyu ya ware. Ɗaya na mutum ne ba takalmi, yana ɗingishi da ƙafar dama, ya zo kusa ya juya. Ɗayan na takalmin roba ne mai rufi, babba, a dugadugin hagu akwai faci da aka yanko daga tayar mashin, har zanen tayar ya fito a ƙasa. Mai takalmin ya taso daga fadama, ya ratse ya zo gindin buhunan yashi, ya tsaya, sannan ya koma kan hanya ya nufi gari.

Mainasara ya karya kara ya auna tsawon takalmin, ya auna tsakanin taku da taku. Ya sake aunawa. Ya sa yatsa cikin sawun yana jin zurfinsa gaba da baya. Ya bi sawun har bakin rijiyar gari, inda shanu suka shafe shi.

*

Mai ɗingishin bai yi wuyar samu ba, don tuni rabin gari ya yanke masa hukunci. Atiku ne, baƙo da ya gudo da iyalinsa daga wani ƙauye bayan Rimawa aka ba shi kango a gefen gari. Mutum uku sun ce sun gan shi bayan shingen ranar. Mainasara ya same shi yana gyaran danga, ya yi sallama ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Ɗan'uwa, mi ya kai ka bayan shingen soja jiya?"

Atiku ya sunkuyar da kai. "Baba, ban tahi ba."

"Ƙahwarka ta tahi. Ƙaya ta soke ka ga ta dama, kuma ka koma da kaya bisa kai."

Atiku ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Can ya nuna dangar da yake gyarawa. Kara ne ya kwaso a gonar wani bai tambaya ba, don matarsa da 'ya'yansa mata suna kwana a fili, kowa ya wuce yana ganinsu.

"Kunya niy ji in roƙa, Baba. Sun ba ni wuri, sun ba ni hatsi, in koma in ce kara kuma?"

"Ka ga wani bisa hanyar?"

"Da nij ji motar na kuka sai nig gudu, kada a gan ni."

Mainasara ya kama masa igiya suka ɗaure bango ɗaya tare kafin ya tashi. Sawun Atiku bai kai gindin buhunan yashi ba, ya tsaya da taku ashirin.

*

A inuwar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, Mainasara ya zana facin a ƙasa da yatsa, ya tambaya ko akwai wanda ya san takalmi mai irin wannan. Duk suka ce a'a. Amma wani dogo mai suna Rilwanu ya kalli zanen ya kau da kai da sauri, ya hau goge mashin ɗin da ba shi da datti. Shi ma ana zarginsa, don yana kai mutane ƙauyukan bakin daji. Mainasara ya ja shi bayan masallaci.

"Ka san shi."

"Kawu, don Allah ka bar maganar ga."

"Albasar garinku na mutuwa. Wa ad da takalmin?"

Rilwanu ya share fuska da hularsa. "Ni niy yi facin da hannuna, da tsohuwar tayata. Na Zayyanu na, abokina. Wata huɗu ke nan da mutanen daji sunka tare motarsu bisa hanyar kasuwar Goronyo, sunka tahi da su. Wasu sun dawo. Shi ko labarinai babu."

Ashe wani na alwala a bayan katangar yana ji. Kafin azahar magana ta gama gari, kuma ta canza kama. Wai Zayyanu ba kama shi aka yi ba, bi ya yi. Wai ya dawo a ɓoye ya ɗauke wa iyayen gidansa rediyo. Har aka sami wanda ya rantse ya hango shi cikin kara da rawani. Laftanar ya aiko cewa bayan la'asar a taru a ƙofar Maigari, a kawo duk wanda ake zargi, a kuma kawo uwar Zayyanu ta faɗi inda ɗanta yake.

Mainasara ya koma ya nemo Rilwanu, ya same shi zaune kan mashin ya haɗa kai da gwiwa.

"Tambaya guda ta rage. Ranar da anka kama Zayyanu, kai kak kai shi bakin mota?"

"Ni nik kai shi."

"Mi ad ga ƙahwatai?"

Rilwanu ya ɗaga kai yana tunani. "Kasuwa za shi. Shaddatai ya sa, da sabon takalmi na hwata. Har nit tsokane shi nic ce ko zance za shi." Ya tsaya. "Wancan na roba ai na gona na, Kawu. Ba shi zuwa kasuwa da shi."

"To ka riƙe bakinka har la'asar."

*

Daga nan ya biya ta rumfar Kyauta, matar da ke sayar da shinkafa da wake a gefen shingen. Ta zuba masa bai tambaya ba, tana mitar cewa tun jiya ko faranti biyar ba ta sayar ba. Ya bar ta ta gama, sannan ya tambaye ta su wa ke yawan zama a rumfar ba don cin abinci ba.

"Ba kowa, Baba. Sai dai Inna Safiyatu, uwar yaron ga da aka ta ɓata ma suna. In ta taso daga fadama takan zamna nan ta huta. Ita ka ban ruwan albasatai tun da anka tahi da shi, mijinta ya daɗe da rasuwa."

"Hira kuka yi?"

"Ina hwa! Ba ta magana. Nan taka zama, ga kusurwar ga ta wajen soja. In abin nan nasu ya yi ƙara ana magana ciki, sai ka ga ta miƙa wuya. Rannan ta ce man, 'Kyauta, na ji sun ambaci Rimawa.' Nic ce Inna, ai kullum suna ambaton garuruwa."

Mainasara ya ajiye cokali.

*

Gidan Safiyatu na can ƙarshen gari, zaure ɗaya da ɗaki biyu. Ya yi sallama sau biyu kafin ta fito, ƙaramar mace siririya, ta lulluɓe da mayafi har ƙasa. Ta tsaya daga cikin zauren, shi yana waje. A bayan ƙyauren, inda ba a yi niyyar baƙo ya gani ba, ga takalmin roba nan an jera, laka ta bushe a jikinsa. Ya kalle shi. Ta ga ya kalla.

"Malam, kai ne mai bin sawun?"

"Ni na, Innar Zayyanu. Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa."

Ya gyara tsayuwa ya dogara da sandarsa. Tun safe ya san abin da ƙasa ta faɗa masa. Takalmin na ƙaton namiji ne, amma takun gajere ne. Nauyin bai sauka a dugadugi ba, a tsakiya ya sauka, bakin takalmin kuma yana jan ƙasa kamar yadda yake yi idan ƙafa ba ta cika shi ba. Abin da bai sani ba shi ne ƙafar wa. Yanzu da ya sani, sai ya ji da ma bai baro igiyarsa a Wurno ba.

"An aiko miki da kiran Maigari?"

"An aiko."

"Kin san abin da za a ce can? Za a ce ɗanki ya zama ɗan daji. Soja za su rubuta sunanai ga takarda. Ran da Allah ya kuɓutar da shi yat taso gida, shingen hwarko da za shi isa, da wanga suna za a tarbe shi."

Hannunta ya kama bakin ƙyaure.

"Ni ba ni hwaɗin sunan kowa," in ji shi. "Zan ce ba Atiku ba ne, ba Rilwanu ba ne, ba kuma Zayyanu ba ne. Amma ni baƙo na, gobe ina Wurno. Ko su yarda ko su ƙi. Akwai wanda in ya yi magana dole su yarda."

Ya yi mata sallama ya juya. Har ya kai kwanar lungu bai ji an rufe ƙyauren ba.

*

Bayan la'asar ƙofar Maigari ta cika. Manoma sun zo da fushin albasarsu, wasu samari da gora a hannu. Laftanar na zaune kan kujera kusa da Maigari, Kofur Mujahid a tsaye bayansa. An zaunar da Atiku da Rilwanu a tsakiya. Safiyatu ba ta iso ba, mutane har sun fara cewa ta gudu.

Mainasara ya sa aka share ƙasa aka yayyafa ruwa. Ya ce Atiku ya taka ya wuce, Rilwanu ma haka. Ya ɗora karansa na awo a kan kowane sawu, kowa na gani.

"Wanga bai kai ga buhunan ba, kara yad ɗauka, kuma mai gonar ya ji, ina roƙon ya yahe mai. Wanga kuwa takunai ya yi biyun na wanda nika nema."

"To ai mun sani!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Zayyanu na! Takalminai na!"

"Takalminai na," in ji Mainasara. "Ƙahwar ba tashi ba ce. Zayyanu dogo na, kun san shi kun hi ni. Wanda yas sa takalmin ga bai kai kahwaɗar Zayyanu ba. Kuma ran da anka kama yaron ga, takalmin na gida."

Laftanar ya matso gaba a kujerarsa. "To wane ne, Baba?"

"Yallaɓai, iyakar abin da zan hwaɗi ke nan."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wasu na cewa an saye tsohon, wasu na cewa a je a fasa gidan a bincika. Laftanar ya miƙe, fuskarsa ta ɗaure. Mainasara na tsaye riƙe da karansa, yana tunanin ko ya yi wa garin nan ɓarna ne da shirunsa.

Sai mutanen baya suka fara darewa. Safiyatu ce ke tahowa a hankali, da ƙwarya a rufe da faifai a hannunta. Ta ɗan ɗage mayafinta don kada ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, kowa ya ga abin da ke ƙafarta. Wata huɗu tana yawo da takalmin nan a cikinsu, ba wanda ya taɓa duban ƙafar tsohuwa. Ta bi ta inda aka share ta wuce, ta bar sawu mai faci a baya. Ta durƙusa gaban Maigari ta buɗe faifan. Rediyon na ciki, an naɗe ta da ɗankwali.

"Ranka shi daɗe, ni nid ɗauka. Ɗana bai san komi ba."

Wani saurayi ya ɗaga gorarsa, Rilwanu ya miƙe ya tsaya gabansa, sai ya sauke.

Laftanar ya karɓi rediyon ya jujjuya ta. "Inna, wa kika ba ya ji? Wa kika kira?"

"Ban iya kira ba, ɗana. Saurare niy yi. Kullum ina jin ana hwaɗin sunan garuruwa ciki, ana cewa an ga mutane wuri kaza. In na matso sai a ce Inna ja baya. Nic ce in ta kwana wurina sau guda, wataƙila in ji an ce Zayyanu. Niy yi nuhin in maido ta da sahe. Sai nij ji an ruhe gari, tsoro yak kama ni." Ta share ido da bakin mayafi. "Turanci sunka yi ta yi. Kahin asuba tay yi shiru."

Kofur Mujahid ya juya baya yana kallon katanga.

Laftanar ya ce wa Maigari a buɗe hanyar fadama yanzu, masu injin ban ruwa su tafi tun da sauran rana. Maganar Inna kuwa, dole ya rubuta abin da ya faru ya aika sama, kuma zai rubuta shi yadda yake. Kofur zai amsa laifin sakacinsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fi ɗaga murya ɗazu su ne suka fara ɓacewa. Mai gonar karan ya tsaya ya ba Atiku hannu.

Safiyatu ba ta tashi ba. Ta dubi Kofur.

"Yaro, kai da kaka riƙe da ita kullum. Ka taɓa jin sunanai?"

"Ban taɓa ji ba, Inna," in ji shi. "Ban ma san sunansa ba sai yau."

Laftanar ya miƙa hannu aka ba shi wani batir daga mota. Ya sa, rediyon ta yi ƙara ta farfaɗo. Ya tambayi Safiyatu cikakken sunan ɗanta, da shekarunsa, da wata alama a jikinsa. Ta ce yana da tabon lauje a hannun hagu. Ya danna ya yi magana, da Turanci tukuna, sannan ya maimaita da Hausa a hankali yadda za ta ji: Zayyanu Lawwali na Tungar Bawa, shekara ashirin da bakwai, dogo, tabo a hannun hagu, an ɗauke shi a hanyar Goronyo wata huɗu da suka wuce. Duk wanda ya samu labarinsa cikin waɗanda aka kuɓutar ko suka gudo, ya sanar.

Aka yi shiru, sai shuuu. Can wata murya ta fito daga shingen Rabah ta ce an ji. Wata ta amsa daga hanyar Wurno. Ta Goronyo ta daɗe, sannan wani mai kaurin murya ya ce a maimaita sunan zai rubuta. Laftanar ya sunkuya ya kai rediyon bakin Safiyatu, ya danna mata.

"Zayyanu," ta ce. "Zayyanu Lawwali. Uwatai ta ka magana."